Wai adalci ne marubuci ya yi ta yi mana ƙarya har tsakiyar littafi?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah wa ya karanta Gone Girl a cikinku? Ƙarfe uku da kwata na dare na rufe shi jiya kuma wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Kwana huɗu ina tausayin matar nan Amy, ina karanta littafin sirrinta da take rubuta yadda mijinta Nick ya canja mata, har da ƙwallata, na tsine wa Nick ya fi a ƙirga, shekaranjiya ma wake na ya kama a tukunya saboda shi har maigidan ya leƙo kicin yana tambaya ko gobara ake, sai da na kai tsakiya kawai aka ce min wai duk abin da na karanta shiri ne. Haba. Wannan ai rainin hankali ne.

Ummu Sudais: Innalillahi Maman Ilham kin fasa ƙwai tun da sassafe, ni fa ina shafi na 60

Anty Adimin: Wa alaikumus salam. To tunda an riga an fasa, wanda bai karanta Gone Girl da The Girl on the Train ba ya tsallake hirar yau. Sauran littattafai kuma a rufa musu asiri dan Allah, kar wanda ya faɗi ƙarshensu. Ummu Sudais yi haƙuri, kashe data ki koma shafinki.

Ummu Sudais: Ina zan iya. Ina nan ina leƙe.

Malam Mai Alli: Maman Ilham sannu da ƙoƙari, amma ni ina ganin ba a raina miki hankali ba. Ki koma babukan farko na Nick. Tun a wajen 'yan sanda shi da bakinsa yake faɗa mana yana yi musu ƙarya, har ƙirga ƙaryar yake. Ga wata waya da yake ɓoyewa tana ta ƙara yana ƙin ɗauka. Marubuciyar tun daga nan ta nuna miki gidan nan ba mai gaskiya a cikinsa. Ke ce kika yanke cewa tunda mijin maƙaryaci ne to lallai matar mai gaskiya ce, ita Gillian Flynn ba ta ce miki haka ba.

Maman Ilham: Malam to ya zan yi? Mace ta ɓace ranar da suka cika shekara biyar da aure, falo a hargitse, miji yana murmushi a gaban 'yan jarida kamar an masa albishir, daga baya a gano yana neman ɗalibarsa. Ko kai ne alƙali ai ka ɗaure shi.

Malam Mai Alli: To ai shi ne tarkon. Ta san abin da duk mai karatu zai ɗauka, sai ta gina littafin a kan wannan zaton. Ita ma Amy ɗin a cikin labarin abin da ta yi wa 'yan sanda da 'yan talabijin kenan, ta ba su irin labarin da suka saba ji. Mu ma aka haɗa da mu.

Zee Kaduna: Hhh Malam wato dai mu ne 'yan sandan. Ni abin da ya kama ni a littafin ba juyin tsakiyar ba ne ma, talaucin ne. Mutane suna mantawa da cewa su biyun a New York suke, marubuta ne a mujallu, duk suka rasa aiki lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, iyayenta suka zo suka karɓe yawancin kuɗin da suka ajiye mata, shi kuma ya kwaso ta ya kai ta garinsu a Missouri saboda mahaifiyarsa ba lafiya, ya ci ragowar kuɗinta ya buɗe mashaya shi da tagwainiyarsa. Ki cire mashayar ki sa shagon provishin, labarin nawa kika sani haka? An kawo amarya garin miji, ba ta san kowa ba, jarinta ya shiga kasuwancin dangin miji, ƙanwar miji ta fi ta fada. Ita kanta Flynn sai da aka sallame ta daga mujallar Entertainment Weekly kafin littafin ya fito a 2012, ta san zafin abin.

Maman Ilham: Wannan duk na yarda Zee. Ƙarshen ne ya tsaya min a wuya. Ta kashe mutum, ta dawo gida jina-jina, ga ciki, shi kuma ya zauna da ita. Shikenan? Ba kamu ba kotu ba komai? Ni na saba ko a fim mugu ya ga sakayya kafin a tashi.

Baban Hanif: Alhamdulillah yau dai an samu littafin da ba namiji ne shaiɗanin ba. Ni na daina karanta irin waɗannan saboda tun daga bangon littafi na san mijin ne. In ya cika kirki shi ne. In yana kawo mata shayi gado shi ne. In likita ne ko lauya to ma kar ka wahalar da kanka.

Zee Kaduna: Baban Hanif ai Nick ɗin ma ba waliyyi ba ne, kar ka yi saurin murna

Baban Hanif: Na sani, amma neman mata daban kisan kai daban ƙanwata.

Hadiza Maraɗi: Ina wuninku. Mu nan da Faransanci na karance shi, Les Apparences suka sa mishi, wato abin da ido ke gani daga waje. Ni sunan nan ya fi mini na Turancin ma. Maman Ilham zancen sakayya, ni gani nake an yi ta. An ɗaure su su biyu a gida guda, kowa ya san ko wane ne ɗan uwansa, ba mai iya barci da ido biyu rufe. Wace kurkuku ta kai wannan? Yaron da za a haifa kaɗai nake tausayi.

Maman Ilham: Hmm. Yaron kam. Ban ma yi tunaninsa ba sai yanzu.

Malam Mai Alli: Bari in ƙara wani abu kan tambayar farko, don ni a wurina akwai ƙaryar da ta halatta a littafi akwai wadda ba ta halatta ba. In wanda ke ba da labarin yana da dalilin ɓoyewa, kuma marubuci ya bar sawu a hanya yadda in ka dawo karatu na biyu za ka ce kai, ga shi nan fa ƙiri-ƙiri ban gani ba, wannan gwaninta ce. Littafin sirrin Amy an rubuta shi ne don 'yan sanda su tsinta, kenan ƙaryar tana da aiki a cikin labarin. Wadda ba na yafewa ita ce a shigar da ni cikin zuciyar mutum, ina jin tunaninsa shi kaɗai a ɗaki ba mai kallonsa, yana ta mamakin wa ya yi kisan, a shafin ƙarshe a ce shi ne. Wa yake yi wa wasan kwaikwayon a cikin kansa? Wannan marubucin ne ya yi min ƙarya, ba ɗan cikin labari ba. Kuma dabarar ba sabuwa ba ce, Agatha Christie ta yi ta tun 1926, ba zan faɗi sunan littafin ba don faɗin sunan ma fasa ƙwai ne.

Ummu Sudais: Malam ka faɗa mana mana

Anty Adimin: Kar ka faɗa Malam.

Fati Nas: Ni The Girl on the Train ya fi shiga raina duk da mutane suna cewa yana da jan ƙafa. A dutin dare na karanta shi, tsakanin zagayen ƙarfe biyu da na asuba. Rachel, jarumar littafin, ba ƙarya take mana da gangan ba, ita kanta ba ta san abin da ya faru ba saboda in ta sha giya sai ta farka ba ta tuna komai. An kore ta daga aiki amma kullum sai ta shirya ta hau jirgin ƙasa zuwa Landan don kar wadda take zaune a gidanta ta gane, jirgin kuma yana tsayawa daidai bayan layin da tsohon gidanta yake, tana hango mijin da ya sake ta da sabuwar matarsa da jaririyarsu, ita kuma rashin haihuwa ne ya fara rusa ta. Wallahi wannan zaman a taga tana kallon gidan da ita ta zaɓi kayan cikinsa ya fi min duk wani kisa da ke littafin ciwo.

Baban Hanif: Kuma a ƙarshe wa ya yi? Ku faɗa da ƙarfi a ji.

Fati Nas: Mijin ne 😂 amma tsaya Baban Hanif. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne shekara da shekaru in ta farka shi ke ba ta labarin abin da ta yi jiya, kin zagi wance, kin ɗauko abu za ki kwaɗa min, kin kunyata ni a gaban mutanen ofis, ita kuma ta yi ta ba da haƙuri. Ashe yawanci shi ya yi. Ya mayar da kansa shi ne ma'ajiyar tunaninta.

Malam Mai Alli: Wannan shi Turawa ke kira gaslighting. Daga wani wasan kwaikwayo na 1938 kalmar ta fito, aka yi fim ɗinsa a 1944 da Ingrid Bergman. Mijin yana hawa saman gida a ɓoye yana neman wasu duwatsu masu daraja, in ya kunna fitilar gas a can sai ta ƙasa ta rage haske, matar ta lura, a nuna mata idonta ne. Yana ɓoye kaya ya ce ita ta ɓatar. A 2022 ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓe ta kalmar shekara.

Zee Kaduna: Da Hausa me za mu ce? Juya kai? Raina hankali bai kai ba.

Hadiza Maraɗi: Haukatarwa da sannu.

Alƙalamin Dare: Ina ta karanta ku ina shiru. A matsayina na mai ɗan taɓa rubutu bari in tsokano wata. Duk littattafan nan da kuke yabo ba za su zaunu a gidan Bahaushe ba. Ku duba, kullum mata da miji su biyu rak a ƙaton gida, maƙwabci bai san sunanka ba, uwa tana wata jiha sai Kirsimeti. Dole a yi ta ɓoye-ɓoye. Mu kuwa mace ta yi kwana ɗaya ba a ji ƙarar turminta ko injin markaɗenta ba an aiko yaro ya duba. Ga 'yan biki, ga masu kitso, ga almajirin gida, ga ƙannen miji. A ina Amy za ta yi wata da watanni tana shirya makircinta ba wanda ya gani? Kafin ta kai tasha an kira mijin an ce ga matarka nan da akwati.

Maman Ilham: 😂😂 wallahi mai adaidaitan ma ɗan unguwa ne

Zee Kaduna: Alƙalami wannan tsohon zance ne. Zo ka ga sababbin unguwanni a Kaduna da Abuja, get a rufe, katanga da waya, shekarata uku a gidan da nake ban san fuskar matar gidan da ke jikin namu ba sai muryarta in tana yi wa yara faɗa.

Hajiya Babba: Yarana ku ba ni wuri in sa baki, ba kasafai nake magana a nan ba. Alƙalami ɗana, ka yi kuskure, kuma ba katanga ce ta sa ba. Aurena na fari a gidan gandu na yi shi, mun fi mutum talatin a gidan, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Mutumin nan a tsakar gida ba wanda ya kai shi fara'a, shi ke raba wa yara alewa, shi ke kai tsofaffi asibiti. In mun shiga ɗaki zai ba ni kuɗin cefane da hannunsa, in sa a ƙarƙashin hoton da ke kan sif, da safe in duba babu, ya tsaya a bakin ƙofa inda uwarsa za ta ji ya ce ke wai me ke damun kanki ne kwanan nan, jiya ma kin bar gishiri a miya sau biyu. Zai ce min shirya anjima zan kai ki gida, in yi wanka in yi kwalliya in zauna da mayafi har isha, ya shigo ya ce yaushe na ce miki haka. Tun ina musu har na koma ina ɗaura zare a yatsa don in tuna abu. Na je gida na faɗa, aka ce wane? wannan bawan Allah? ki dai yi haƙuri, aka nemo min rubutu da hayaƙi wai ko iska ce. Mutum talatin, ba wanda ya ga komai, don abin da za a gani ɗin ba shi da shaida, ba duka ba zagi. Ranar da na gane kaina lafiya lau yake ita ce ranar da na ga kuɗin a aljihun rigarsa da na ɗauko zan wanke, da ɗan kullin da na yi musu da zaren bakin zanena. Jikata ce ta karanta min littafin jirgin ƙasan nan tana fassara min bara da azumi, da muka zo wurin da matar ta fara tuno gaskiya na ce mata ajiye haka, sai gobe.

Fati Nas: Allahu akbar. Hajiya Allah ya saka miki.

Maman Ilham: Sannu Hajiya. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Hajiya Babba: Ya wuce 'yata, shekara talatin da wani abu. Na yi wani auren na ji daɗinsa. Na faɗa ne don ɗana ya sani.

Alƙalamin Dare: Na karɓi gyara Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kuma kin sa na ga inda nake kuskure a rubutuna. Da ni na rubuta labarinki da tuni na kai uwar mijin wurin boka a shafi na 10.

Malam Mai Alli: To ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ina karanta littattafanmu na Hausa tun na takarda da ake haya a kasuwa har zuwa na waya yanzu, kuma kayan haɗin irin wannan labarin duk muna da su, har mun fi su. Kishiya, uwar miji, 'yar riƙo, gado, ɗan da ba a san ubansa ba. Amma da zarar miji ya juya wa matarsa baya sai a nuna mana an binne laya a bakin ƙofa. Shikenan an kashe tambayar. Ba sauran me ya sa ya canja, an riga an ba mu amsa, kuma an wanke shi tas tunda ba ya cikin hayyacinsa. Sai mu zauna jiran ranar da asiri zai karye.

Alƙalamin Dare: Malam a nan kuma ba zan bi ka duka ba. Na farko, mutanenmu sun yarda sihiri gaskiya ne, yana cikin rayuwarsu, in ka cire shi gaba ɗaya ma wani zai ce labarin bai yi kama da gaske ba. Na biyu, ku ba ku san wahalar sakin labari shafi-shafi a gurup ba. Su waɗancan littafi guda ake ba ka a hannu, marubuci ya gama ya koma farko ya dasa alamunsa ya goge abin da ya yi yawa. Ni kuwa yau na saki shafi na 12, kafin gobe mutum ɗari sun biyo ni ta fuska wai anya Hajara ba muguwa ba ce, dan Allah kar ka bari ta auri wane, wata har da cewa in ban tona asirin kishiyar ba a satin nan za ta fita daga gurup ɗin kuɗi. Ta yaya za ka riƙe sirri shafi 80 a haka? Kuma abin da na riga na saki ba ya gyaruwa, ya zaga duniya.

Zee Kaduna: To ka rubuta ka gama kafin ka fara saki mana

Alƙalamin Dare: Ki biya min kuɗin data da cefanen wata shida sai in yi 😂

Hadiza Maraɗi: Amma ana iya haɗawa ai. A bar matar tana zaton asiri aka yi mata, dangi duka suna zaton haka, mai karatu ma haka, ana ta yawon neman magani, can a gano ba boka ba malam, mutum ne da hankalinsa yake yi. Kamar dai yadda aka yi wa Hajiya hayaƙi. Kun ga asirin ya zama shi ne labulen.

Alƙalamin Dare: Hadiza kin ba ni littafi kyauta. Kar wanda ya riga ni dan Allah.

Fati Nas: Masu cewa kishi namu ne mu kaɗai su nemi Rebecca na Daphne du Maurier, shi ma 1938. Tsoho ne amma duk na yanzun jikokinsa ne. Yarinya marainiya ba ta da kowa, attajiri ya aure ta ya kai ta ƙaton gidansa Manderley, uwargidan ta mutu kusan shekara guda amma komai na gidan nata ne, ɗakinta a gyare kamar za ta dawo anjima, mai kula da gidan Mrs Danvers kullum cikin nuna wa amarya cewa marigayiya ba haka take yi ba. Har littafin ya ƙare ba a faɗi sunan amaryar ba, sunan matacciyar ne a bango. Kishi da mai rai ai da sauƙi, ko ba komai za ta yi kuskure wata rana ki samu abin faɗa.

Hajiya Babba: Auren mijin marigayiya kenan. Kowa a dangi sai ya ce Allah ya jiƙan wance, ita kam tuwonta ba gudaji.

Baban Hanif: To a nan ma mijin ne ko?

Anty Adimin: Baban Hanif doka ta hana. Je ka karanta.

Ummu Sudais: Ni fa tambayata, ba na Najeriya ne? Kullum Landan da Amurka, sunayen unguwanninsu ma wahalar riƙewa suke min

Zee Kaduna: Akwai My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, 2018, a Legas yake. Ƙarami ne, babi-babinsa gajeru, a zama biyu za ki gama. Kuma shi ba ɓoye-ɓoye, tun shafukan farko an gaya miki ƙanwar ce ke kashe samarinta, wannan na uku kenan, yayar kuma nas ce, ita ake kira cikin dare ta zo da bilic da safar hannu ta goge jini. Abin da ke riƙe ki shi ne yaushe yayar za ta gaji, musamman da ƙanwar ta fara zuwa asibitin tana yi wa likitan da yayar ke so a ɓoye murmushi. Ya shiga jerin farko na kyautar adabi ta Booker a 2019.

Fati Nas: Wannan littafin ya ba ni haushi ya ba ni dariya. Duk wadda take babbar ya a gidansu za ta gane shi. Ke ce babba, ki rufa wa ƙanwarki asiri, ki haƙura ki bar mata. Tun daga kan 'yar tsana ake farawa.

Malam Mai Alli: Kuma ya nuna ba dole sai da juyin ƙarshe ba. Abin da ya fara gundurata da na kwanan nan kenan. Tun da Gone Girl ya yi kasuwa kowa so yake ya juya ka, wani sau uku a shafi 30 na ƙarshe, har ka daina damuwa da mutanen cikin labarin ka koma kamar mai duba takardar jarabawa kana neman inda aka yi satar amsa. Na karanta The Housemaid na Freida McFadden a yini ɗaya, ban iya ajiyewa ba, gaskiya ne, amma bayan sati biyu da aka tambaye ni sunan matar gidan sai da na yi tunani.

Maman Ilham: A'a Malam kar ka taɓa min Freida McFadden. Ba kullum mutum ke son abin da zai dame shi wata guda ba. Wani lokacin ka gama aikin gida ka gaji, yara sun yi barci, an ɗauke wuta, so kake ka samu abin da zai hana ka jin zafi da sauro. Kuma ɗakin nan na saman bene da aka ba 'yar aikin, da ta lura ta waje ake kulle shi ba ta ciki ba, wallahi sai da na tashi na taɓa sakatar ɗakina. Marubuciyar likita ce fa, ɓangaren masu raunin ƙwaƙwalwa, ta san inda za ta taɓa mutum.

Malam Mai Alli: Ban ce ba ta iya ba. Gyaɗa ce mai gishiri, ba ka iya dainawa, amma ba ta zama tuwon dare.

Maman Ilham: To ni a bar ni da gyaɗata. Gone Girl ɗin da kake yabo ai shi ya hana ni barci ya ƙona min wake.

Baban Hanif: Ni dai har yanzu ba a amsa min ba. In matanmu suna cika kansu da labarin miji mai kirki a waje mugu a ɗaki, ba za su fara zargin kowa ba? Jiya na kawo wa madam tsire ba ta tambaya ba, sai da ta kalle ni ta kalli tsiren ta ce lafiya dai ko.

Zee Kaduna: 😂😂😂 wannan ba laifin littafi ba ne, yaushe rabonka da kawowa

Hajiya Babba: Ɗana, wadda ke zaune lafiya littafi ba zai tayar mata da hankali ba, za ta karanta ta yi hamdala ta ci tsirenta. Ka dai ci gaba da kawowa har ta saba.

Baban Hanif: To Hajiya, an gama. Yau ma zan biya.

Ummu Sudais: Ni kam tunda kun gama min da Gone Girl, in ci gaba ko in bari?

Malam Mai Alli: Ci gaba. Ke ce ma za ki more shi, don za ki karanta littafin sirrin kina sane, ki ga inda take saƙa kowane zare. Mu sai a karatu na biyu muka samu haka.

Anty Adimin: To na wata mai zuwa fa? An kawo The Silent Patient na Alex Michaelides da kuma na Oyinkan. Na farkon labarin mai zane ce da ta harbi mijinta sau biyar a fuska daga nan ba ta sake furta kalma ba, sai wani likitan ƙwaƙwalwa ya nace sai ya sa ta magana. Iya abin da ke bayan bango kenan, wanda ya karanta ya kama bakinsa. Ku zaɓa zuwa Juma'a bayan la'asar.

Fati Nas: Na Oyinkan, ya fi gajarta, ina dutin dare sati biyu masu zuwa.

Hadiza Maraɗi: Ni ma shi, in na samu na Faransanci.

Maman Ilham: Silent Patient. Amma wallahi in aka sake yi min irin ta jiya Malam kai zan kama.

Zee Kaduna: Kafin a watse, wadda na ara wa Rebecca tun bikin ƙanwata, ba zan kira suna ba tana cikin gurup ɗin nan tana karantawa yanzu haka, dan Allah a dawo min da shi ko bangon ya cire.

Ummu Sudais: Sudais ne ya zuba masa koko, ina jira ya bushe